Sifika Biyar da Kwale-kwale

Duk nasihar da aka yi mini kafin ɗaurin aure ba ta wuce haƙuri da cefane ba. Kawu ya ce haƙuri, liman ya ce haƙuri, har direban da ya kawo kayan gara sai da ya leƙo ta taga ya ce, "Ango, sai haƙuri fa." Babu wanda ya faɗa mini yadda zan yi da lokaci. Shekara da shekaru, tsakanin magariba da goman dare ba nawa ba ne: wanka, feshin turare, tsaron adaidaita sahu, tsayuwa a ƙofar gidansu ana neman yaron da za a aika, sannan zaman tabarma sauro na cin rabonsa. Da aka kawo mini wadda nake zuwa zancen dominta har gida, sai awannin nan suka dawo hannuna, ba aikin fari ba na baƙi. Na gwada komawa majalisarmu ta bakin titi. Ban shanye shayina ba suka fara duba agogo suna cewa, "Ango, an fa idar da isha'i." Kora ce, amma cikin ladabi.

Mai basira ba ya zama haka kawai. Na yanke shawara biyu: ranar Asabar in fita da amarya ta ga duniya, sauran ranaku kuma in mayar da falonmu sinima.

Zancen sinimar nan gado ne. Kawuna ya ci samartakarsa a Plaza ta Fagge da Orion ta Ƙofar Wambai da Eldorado ta Sabon Gari, wajen kallon Indiya da kaboyi. A zamaninsu ɗan mutunci ba ya yarda a gan shi a ƙofar sinima, shi ya sa suke jira sai duhu ya yi su sulale ciki, su tarar da rabin 'yan mutuncin unguwa sun riga su zama. Mu mun taso an rufe galibinsu. Abin da muka sani shi ne kaset ɗin Sangaya da Wasila a ɗakin maƙwabta, yara sun cika ƙasa, mai gidan yana bugun gefen talabijin da tafin hannu idan hoto ya fara rawa. Tun a lokacin na ƙudurta cewa ranar da na yi gidan kaina, sai an ji a jiki.

Sai dai falon ba nawa ba ne, kuma duk angon Kano ya san wannan. Ana gobe kai amarya gwaggonninta suka zo jere, suka fitar da ni waje. Kujeru nasu, kafet nasu, labule nasu, ga wani dogon shogilas da suka cika da tangaran da kofuna da kuloli, kowanne an ajiye shi da lissafi, ba don a ci abinci a ciki ba sai don baƙi su gani su san 'yar gata aka kawo. Abin da na mallaka a falon talabijin ne da agogon bango. Bangon ma na haya ne.

Da ragowar kuɗin gudummawar biki na shiga Sabon Gari, layin masu kayan lantarki. Wani mai shago ya dube ni, ya dubi sabuwar shaddata da sauran ƙamshin biki a jikina, nan take ya gane abincinsa ya zo. Ya ce sababbin da ke cikin kwali na yara ne, shi zai nuna mini na manya. Ya janyo wata baƙar amfilifaya ta gwanjo daga ƙarƙashin kanta, ya ce daga Amurka ta fito, a gidan Bature ta yi rayuwarta, ba ta san ƙura ba. Sannan ya karanta mini darasi. Sifika biyar ne: biyu a gaba, dama da hagu, ɗaya a tsakiya ƙarƙashin talabijin wadda maganar 'yan wasa ke fitowa daga cikinta, biyu kuma a bayan mai kallo, don in jirgi ya wuce a fim ka ji ya bi ta ƙeyarka. Ta shida ita ce ƙatuwar akwatin da suke kira wufa, ba ta magana, gurnani kawai take yi. Wannan tsari shi ne 5.1, kuma tun 1992 manyan gidajen sinima suka fara amfani da irinsa na Dolby. Na haddace duka, na zo gida na maimaita wa amarya a matsayin ilimin da na daɗe da shi.

A bayan amfilifayar akwai wani rubutu: 120V. Ina so mai karatu ya yi mini adalci. Rubutun ƙanana ne ƙwarai, kuma a baya suka sa shi, wurin da mai hankali ba ya leƙawa. Filogin ma bakinsa siriri ne, ba ya shiga soket ɗinmu, amma na samo masa mahaɗi, don ba a hana mai niyya. Na jona, na danna. Ta yi haske na daƙiƙa guda, haske mai kyau, sannan ta ce "ɗas", wani siririn hayaƙi ya fito ta ramukan sama.

Amarya ta fito daga ɗaki da gudu ta nufi kicin, ta buɗe tukunya, ta tarar shinkafarta lafiya ƙalau. Ta biyo ƙaurin har falo. Ta dubi hayaƙin, ta dube ni a tsugune da filogi a hannu, ta ce, "Au, Injiniya, ashe kai ma girki ka ɗora."

Daga ranar sunana ya ɓace a gidan.

Mai gyara, wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare, bai ko yi mamaki ba. Ya ce wutar gidajen Amurka 120 ce, tamu 230, kusan ninki biyu ke nan. "Jariri ka ɗura wa tuwon dawa, ɗana." Ya canza fis da wasu ƙananan abubuwa da suka ƙone, ya haɗa ni da wata ƙaramar tiransifoma mai sauke ƙarfin wuta, wadda nauyinta ya sa mai adaidaita ya nemi ƙarin kuɗin mutum guda. Da na haɗa kuɗin gyara da na tiransifoma sai na ga ya kai na sabuwar da ke cikin kwali, ta yara. Amma sabuwa ba ta da tarihi.

Saura rataye sifikun baya. Ƙa'ida ita ce su zauna a bayan mai kallo, sama da kunne kaɗan, ga shi doguwar kujerarmu ta jingina da bango. Na aro injin huda bango wurin wani kafinta, ya ba ni da dogon baki, ya ce in bi a hankali. Ban ga dalilin bin bango a hankali ba. Abin da magina ba sa faɗa wa jama'a shi ne bulo mai inci shida cikinsa rami ne. Ka huda fatar farko, sai iska, sai fata ta biyu, sai kuma duk abin da Allah Ya ajiye a wancan gefen. A wancan gefen namu sif ɗin amarya ne. Na ji injin ya yi sauƙi, ya sake yin nauyi, sannan ya fara wata irin tafiya mai laushi da ban taɓa jin bango ya yi ba. Da na zaro shi, bakin ya fito naɗe da zare mai ruwan gwal.

Leshi ne, na cikin lefe, ko ɗinkawa ba a yi ba. Na yi ƙoƙarin fahimtar da ita cewa ni na sayo leshin nan da hannuna a Kantin Kwari, saboda haka in an bi diddigi asarar tawa ce, ni ya kamata a yi wa jaje. Ba ta yi gardama ba. Ta ninke shi, ramin yana sama, ta ajiye a kan matashina.

Wannan ne ya sa fitar Asabar ta tashi daga nishaɗi ta koma biyan diyya.

Wuraren cikin gari ba su da wani dogon labari. Mun je Gidan Makama, mun je gidan zu, mun leƙa marinar Ƙofar Mata. Mun hau Dala, inda ta haye matakalar ba ko haki, ni kuma na riƙa tsayawa a hanya don in yi nazarin zamanin Barbushe da Tsumburbura, dafe da gwiwa, saboda tarihi abu ne mai nauyi. Amma leshi mai ruwan gwal ya fi ƙarfin Dala. Sai na ce Tiga.

Wani abokina ya ba ni aron motarsa da sharuɗɗa: ƙofar gefen mai zaman banza daga waje kaɗai take buɗewa, allurar mai kuma ta daina faɗin gaskiya tun zamanin mai ita na farko. Sharaɗin farko ya yi mini rana, don duk inda muka tsaya sai in zagayo in buɗe wa amarya ƙofa, mutane na kallo suna cewa yaran zamani sun iya soyayya. Muka ɗauki titin Zariya, muka wuce Kura, gonakin shinkafa da tumatir na Kadawa shar a dama da hagu alhali rani ne. Na bayyana mata cewa duk koren nan ruwan Tiga ne ake korowa ta magudanai, cewa an gina madatsar a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, daidai shekarun da fari ya addabi ƙasar Hausa, kuma shi ne dai mutumin da aka sa wa gidan zu sunansa. Tana shan rake tana gyaɗa kai. Da na gama ta ce sun yi shi a firamare.

Duk wanda bai taɓa zuwa Tiga ba, ya je. Ruwa ne iya ganinka, duwatsu sun kewaye shi, iska mai sanyi na tasowa daga kansa, ga mata na suyar kifin da aka fito da shi yanzu-yanzu. Da a nan muka tsaya, muka ci kifi muka juyo, da yau ina da sauran mutunci a dangin matata.

Akwai abin da ban yi la'akari da shi ba a binciken da na yi kafin aure. Kakarta ta wajen uwa mutuniyar Yawuri ce, a bakin Neja, kuma can amarya take hutun makaranta tun tana ƙarama. Shiga kwale-kwale a wurinta bai fi hawa adaidaita ba. Ni kuwa haifaffen cikin birni ne, babban ruwan da na sani shi ne kududdufin bayan unguwarmu, shi ma daga nesa. Ta hango wani masunci ya jingine jirginsa, ta ce, "Injiniya, mu ɗan zaga mana." A gaban masu suyar kifi ta faɗa. Ango ba ya cewa a'a a gaban masu suyar kifi.

Na miƙa mata wayata na ce ta ɗauko mana bidiyon ruwa da duwatsu, ya dace da babban allo. Muka shiga. Jirgin katako ne, ruwa na tsatsowa ta tsakanin allunan, wani yaro na kwashewa da yankakkiyar jarka ba tare da wata damuwa ba. A iya tunawata, na yi addu'ar hawa abin hawa yadda aka koyar da mu, na ƙara da wasu don neman lada, na kuma ba mai jirgin 'yan shawarwari kan tuƙi. Muka fito lafiya. A hanyar dawowa amarya ta yi ta murmushi ita kaɗai, na ce a raina diyya ta karɓu.

Na koma kan aikina. Na sayo ƙaramin majigi ɗan Chaina, sai na gano yana son farin bango, namu kuwa gwaggonni sun sa an yi masa fenti ruwan hoda don ya shiga da labule. Na rataya farin zanin gado. Sai matsalar wuta: in an kawo ta ba ƙarfi, tiransifoma ta yi ta ƙugi, in an ɗauke kuma ɗan janaretanmu ba ya iya ɗaukar amfilifaya da majigi da firji a lokaci guda. Dole ɗaya ya haƙura. Na zaɓi firji, cikin sirri, kuma sirrin ya riƙe har zuwa safiyar da aka buɗe robar miya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sifikun baya, waɗanda leshi ya yi shahada dominsu, sun ƙi cewa uffan. Ashe yawancin finafinanmu na Hausa da ake kallo a YouTube sautinsu hanya biyu ce kawai, dama da hagu, babu abin da aka tanadar wa ƙeya. Ka sayi sifika biyar, Labarina da Daɗin Kowa su ba biyu aiki, sauran su zauna zaman kashe wando. Da ƙyar na gano wani maɓalli da ke raba sauti ɗaya ga dukkansu. Tun daga nan duk wanda ya yi magana a fim, daga kusurwa huɗu yake yi, har da tsakiya.

Don in gwada ainihin 5.1 na samo wani fim ɗin yaƙi na Amurka, na bari sai dare ya yi shiru. Gaskiyar mai shago, jirgi ya bi ta ƙeyata. Wufa ta yi gurnani, tangaran ɗin shogilas suka ɗauki kaɗawa gaba ɗaya, cokula na amsawa. Ana tsakiyar ruwan harsashi na ji bugun ƙofa ta baya, na ce kai, Bature ya iya aiki, har bugun ƙofa ya fito sak. Sai da aka haɗa da usur na gane ba Bature ba ne. 'Yan sintirin unguwa ne da tocila da gora, a bayansu Baba Alhaji mai gidan da muke haya, daga shi sai jallabiya, ya riga ya tura iyalinsa ƙarƙashin gado. Na durƙusa na gaishe shi. Ya haska fuskata, ya haska zanin gadon da ke bango, ya haska ramukan da na huda, waɗanda ba na son ya gani, ya ce, "Yaro, da safe ka same ni."

Ana cikin haka Kaka ta zo daga Yawuri ganin ɗakin jikarta, tare da babbar Gwaggo, shugabar masu jere, da ƙannen amarya. Abin da al'ada ta tanada mini mai sauƙi ne: in cire takalmi, in durƙusa, in gaishe su kaina a ƙasa, in sulale in bar musu gidan. Na kai matakin sulalewa ke nan autansu ya buɗe baki: "Kaka, Yaya fa sinima gare shi a falon nan."

Kaka ta ce, "Angona, zo nan. Ashe kana da abin arziki kake ɓoye wa uwargida? Kunna mini."

Ba a musu da kaka. Na ja labule, na kunna musu wani fim ɗin Hausa. Ba a jima ba wani ɗan wasa ya yi sallama da murya mai kauri, sallamar ta fito daga saman kan Kaka. Ta gyara mayafi, ta waiwaya ta amsa masa cikakkiya har da wabarakatuhu, ta ce wa yaran su tashi su ba baƙo wuri. Aka yi dariya, ita ma ta yi. Gwaggo ba ta yi ba, idonta na kan shogilas, tana ƙirga kofuna da leɓe. Duk da haka na ji kaina ya yi girma. Wahalar hayaƙi da leshi da 'yan sintiri ta biya.

Sai amarya ta shigo da tiren lemo, fuskarta ba alamar mugunta, ta ce, "Injiniya, ka nuna musu Tiga mana. Kaka za ta so ganin ruwa."

Ban taɓa buɗe bidiyon ba tun da muka dawo. Na jona waya da majigi. Ruwa ya bayyana a kan zanin gado, shuɗi, ga duwatsu, ga tsuntsaye. Kaka ta ce masha Allah. Sannan wata murya ta cika falon, daga gaba, daga baya, daga tsakiya, wufa na ƙara mata nauyi.

"Innalillahi! Malam, juya! Don girman Allah ka juya!"

Na ɗauki 'yan daƙiƙu ina tausayin mai muryar kafin in gane shi.

"Kai yaro, kwashe da sauri, ba ka ga yana shigowa ba? Malam, zan ninka maka kuɗinka! Ke kuma daina motsi! Malam, sabon aure gare ni!"

Na dira kan rimot. Rimot uku ne a gidan, na talabijin, na majigi, na amfilifaya, duk baƙaƙe, ga falo da duhu. Na farko bai yi komai ba. Na biyu ya ƙara wa hoton haske. Na uku na danna da ƙarfi, ashe wajen ƙarin murya ne. Wutar da kullum ake ɗaukewa a tsakiyar fim, ranar ta tsaya daram, cikakkiya, ko ƙiftawa ba ta yi ba.

"Ya Allah, ka ga ko bashin lefe ban gama biya ba!"

Tangaran suka amsa. Wani kofi ya gangaro daga bene na biyu na shogilas ya tsaya a bakin gilashi. Sai muryar mai jirgin, a natse, daga sifikar tsakiya, wadda aka yi domin magana ta fito tar: "Yallabai, ba mu fa tashi ba tukuna. Igiyar ma ban kwance ba." A daidai nan mai ɗaukar hoto ta karkato da waya, aka ga wani yaro tsaye a gefen jirgin yana wanke akuya, ruwan bai kai masa gwiwa ba.

Kaka ta yi dariya har sai da aka ba ta ruwa. Da ta samu numfashi ta ce, "Angona, da ni ka aura da tuni na koya maka iyo. A mayar da shi baya, ban ji wajen lefen nan da kyau ba." Autan ya riga ya gano rimot ɗin da ya dace. Aka mayar. Gwaggo ta tashi ta gyara wa kofin zama, ta rufe shogilas, ta juyo ta yi mini magana a karon farko tun ranar jere: "Ɗan nan, nawa ya rage?"

Na ce, "Gwaggo, ai sautin ne bai fito daidai ba, kun san kayan gwanjo."

Kafin la'asar autan ya tura wa kansa bidiyon, kafin magariba ya isa Yawuri. Da daddare ina kwance ina lissafin inda zan rataya ƙarin sifika biyu, don na ji ana cewa 7.1 ta fi, amarya ta ce Kaka ta gayyace mu hutun ƙarshen wata, tana so ta kai ni tsallaken kogi in gaida 'yan'uwanta. Na ce abin takaici, motar abokina tana wajen bakanike. Ta ce ba komai, Gwaggo ta riga ta aiko da kuɗin mota.